Motar Ingila za ka saya? Defender, Range Rover, Mini ko Jaguar

Kafin ka ce kana son motar Ingila, ka fara tambayar wace Ingilar. Tun da aka haɗe da yawa daga cikin kamfanonin motocin ƙasar wuri guda a 1968 da sunan British Leyland, yajin aiki da asara suka yi ta cin su har gwamnati ta karɓe shi a 1975, sunayen sai sauya hannu suke yi. Jaguar da Land Rover suna hannun Tata na Indiya tun 2008. Mini da Rolls-Royce na BMW ne, Bentley ta Volkswagen. MG kuwa, bayan rushewar MG Rover a 2005, ta koma China. Sabuwar MG da ka gani a titi suna kawai ta gada.

Mini kyakkyawa ce, amma ba a yi ta don ramukanmu ba. Asalinta ma injiniya Alec Issigonis ne ya tsara ta don tsimin mai bayan rikicin mashigin Suez da ya jawo ƙarancin mai, ta fito a 1959. Jaguar sai mai kuɗin da ba ya ƙirga su. Range Rover akwai daɗin zama, ba musu, sai dai yawancinsu a kan balan-balan na iska suke tsaye maimakon sifirin, kuma idan suka tsufa kana iya wayar gari ka tarar mota ta durƙusa kamar raƙumi.

Ni dai tsohuwar Defender nake ba kowa shawara, jikar wadda iyayenmu ke kira Landiroba. A 1948 kamfanin Rover ya fito da ita daga garin Solihull, lokacin da ƙarfe ya yi wuya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya sa aka yi bodinta da alminiyam, wanda ba ya tsatsa irin ta ƙarfe. Sunan Defender sai a 1990 aka raɗa mata, aka ci gaba da ƙera ta har Janairun 2016. Lambobin 90 da 110 tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya suke nuni, a inci, ko da yake ta 90 ta ɗan haura hakan. Mai iyali ko mai kayan gona 110 zai nema. A injuna, 300Tdi da ya fito a 1994 shi ne zaɓina: dizal ne, famfon mansa ba ya jiran umarnin kwamfuta, bakaniken ƙauye da sifana da basira zai tashe shi. Td5 da ya gaje shi a 1998 ya fi ƙarfi, amma ya zo da ƙwaƙwalwar kwamfuta. Defender tana da ƙara, tana yoyo da damina, gwiwar hannunka tana dukan ƙofa. Na ji, na yarda. Kada kuma a ruɗe ka da sabuwar Defender ta 2020, a Slovakia ake haɗa ta, wata halitta ce daban.

Yanzu ga inda aka taɓa cutata. A Ingila hannun hagu ake bi, sitiyari yana dama. Najeriya ta bar wannan tsari tun 1972. Wani dillali ya rantse mini cewa motar da ya kawo a haka ta fito daga kamfani da sitiyarin hagu. Wata uku, ina shan kwana a hankali, sai na ji sitiyari yana juyawa tayoyi ba su bi ba. Da muka ɗaga ta, waldar da aka yi wa sandar sitiyarin ce ta ɓalle, an shafe ta da baƙin fenti. Allah ne ya tsare.

Saboda haka ka leƙa ƙarƙashin dashbod da fitila. Ramin da aka toshe a ɓangaren dama, wayoyin da aka yanke aka ɗaure da salatif, mitar gudu mai ƙirga mil, duk alamu ne na cewa an juya sitiyarin. An ƙera Defender masu sitiyarin hagu tun daga kamfani don kasuwannin waje, su za ka nema.

Sai tsatsa. Bodi alminiyam ne, amma shasi ƙarfe ne, kuma a Ingila gishiri ake watsa wa titi lokacin sanyi. Shiga ƙarƙashi da ƙaramar guduma, ka ƙwanƙwasa ƙarfen baya da ke riƙe da ƙugiyar ja da kuma wajen da ƙafar direba ke sauka. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa tangaran. Wanda aka cike da foti sai ka ji dum. Shasin da ya sha sabon baƙin fenti alhali sauran mota ta kwana biyu, wani abu ake ɓoyewa. Lambar shasin Land Rover tana farawa da SAL, ka gwada wadda aka buga a jikin ƙarfe da ta takarda harafi bayan harafi. Idan kuma motar ta taɓa yin rajista a Ingila, nemi tsohuwar lambarta: shafin gwamnatinsu yana nuna tarihin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, kyauta, da mil ɗin da aka rubuta kowace shekara, nan ake kama masu mayar da mita baya. Dillalin da ya ce lambar ta ɓata, ko ya hana bakanikenka shiga ƙarƙashi wai kada ya ɓata kaya, yi masa sallama kafin maganar la'ada ta taso.