Ɓoye suna ko riƙe sirri, wanne ya fi a bincike?

Ɗalibai masu yawo da takardar tambayoyi a Kano, abu biyu ne fa. Ɓoye suna shi ne ba suna ba lambar waya, kai kanka ba ka san wa ya cike ba, shi ya sa ɗan Kantin Kwari zai faɗi ainihin cinikinsa ba fargabar masu haraji, amma in kana son komawa wajensa shikenan ba dama. Riƙe sirri kuwa ka san shi, ka sa lamba madadin sunansa ka adana, ka iya komawa bayan wata shida, sai dai nauyin na wuyanka, dokar kare bayanai ta 2023 tana nan. Ni in tambayar zuwa ɗaya ce gara na farkon.