Manhajar Forest ga Masu ADHD: Tana Riƙe Hannu, Amma Ba Ta Tsara Aiki

Mai larurar ADHD, wato wahalar tattara hankali wuri ɗaya, yakan ɗauki waya don ya duba saƙo guda a WhatsApp, kafin ya farga an kira la'asar. Wannan ɗabi'ar kaɗai Forest ta zo ta magance. Kamfanin Seekrtech na ƙasar Taiwan ne ya yi ta, kuma ana samunta a Android da iPhone.

Aikinta ba wuya. Za ka juya da'irar da ke tsakiyar allo ka zaɓi lokaci, daga minti 10 zuwa 120, ka danna Plant, sai iri ya fara tsirowa. In ka kai ƙarshe, ya zama itace a gonarka, ka kuma samu tsabar da ake tarawa a sayi sabbin irin itatuwa. In ka kunna Deep Focus, wato tsarin da ke hana ka barin manhajar, kuma ka fita zuwa wata manhaja, itacen ya bushe, busasshen kuma yana nan tsaye a gonar kana ganinsa. Akwai daƙiƙa 10 a farko da za ka iya fasawa ba tare da asara ba.

Abin da ya sa take kama masu ADHD shi ne sakamakon yana zuwa nan take. Ƙwaƙwalwarsu ba ta cika motsawa da jarrabawar da ke zuwa bayan wata uku ba, amma itacen da zai mutu yanzu-yanzu yana tsayar da yatsa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne farawa da dogon lokaci. Mutum ya saka minti 60 saboda zumuɗi, itace ya mutu sau uku a jere, kunya ta kama shi, ya goge manhajar. Ka fara da minti 10 ko 15 na tsawon mako guda, da hutun minti 5 a tsakani, kuma hutun ya zama na tashi a miƙe ƙafa ko a sha ruwa, domin in aka yi shi a TikTok ba a dawowa. Sai kana kammala yawancin itatuwanka sannan ka ƙara zuwa 25.

Masu Tecno, Infinix da itel su lura. Tsarin tanadin batir na waɗannan wayoyi yakan kashe manhajojin da ke aiki a bayan fage, sai ka tarar agogon ya tsaya ko sanarwar kammalawa ba ta zo ba. Shiga saitin batir ka cire Forest daga jerin waɗanda ake taƙaitawa, ka ba ta izinin ganin manhajojin da ake buɗewa da na bayyana a saman allo. In babu waɗannan izini, Deep Focus suna ne kawai.

Inda ta gaza a fili yake. Ba ta gaya maka me za ka yi, don haka ka rubuta aiki ɗaya tak a takarda kafin ka shuka, kamar "karanta shafi 5", ba "karatu" ba. Ba ta da iko da kwamfuta sai ka ɗora 'yar manhajarta da ake haɗawa da Chrome. Ga wanda kuma karatunsa duk a waya yake, jerin manhajojin da ake yarje wa buɗewa yana cikin abubuwan da sai an biya, kuma nan ne Forest ɗin da ake samu kyauta ke takurawa. Tallace-tallacen da ke cikinta ma abin dariya ne a manhajar da aka yi don hana shagala.

Tana da amfani ga ɗalibi ko ma'aikacin da wayarsa ce babbar matsalarsa. Wanda damuwarsa mantuwa da alƙawari ce, Google Calendar mai tunatarwa biyu, ɗaya kwana guda kafin lokaci, ɗaya saura minti 30, zai fi yi masa aiki.