Sharhina kan garin maganin tsutsar ƙuda da na sa wa kashin kaji

Wata uku ke nan da na fara amfani da garin nan mai sinadarin sairomazin a ɗakin kajin ƙwaina, don wallahi farkon damina ƙuda ya kusa korar mu daga gidan, maƙwabta har sun fara yi min magana a fakaice a masallaci.

Satin farko na ɗauka an cuce ni. Na jiƙa shi a bokiti na yayyafa kan kashin, kwana huɗu ƙudaje na nan suna shagalinsu kamar ba a yi komai ba, na koma shagon a fusace, mai shagon ya ce Alhaji yi haƙuri, wannan ba ruwansa da babban ƙuda, tsutsar yake hana wa yin saɓa, in ba ta saɓa ba kuwa ba za ta zama ƙuda ba. Haka ne kuwa. Da na tona kashin na ga tsutsotsin sun miƙe sun sandare kamar tsinke, wajen sati biyu ɗakin ya yi tsit. Kajin lafiya lau, ƙwai bai ragu ba, ba kuma warin nan na fiya-fiya mai shaƙe mutum.

Inda aka samu matsala daban ne. Akwai yaron maƙwabcina mai kiwon tarwaɗa, duk sati yakan ɗebi kashin kajina buhu biyu ya jiƙa ya bari ya yi tsutsa ya zuba wa kifi, rannan ya zo min fuska a yamutse wai Baba kashin nan naka ya daina haihuwa, kwana biyar ko tsutsa ɗaya babu. Ni ban ma kawo a raina ba, ashe maganin bai san tsutsar da ake so da wadda ba a so ba, kuma yana nan cikin kashin bayan an kwashe. Gaskiya na ji kunya.

Sannan abu ne mai saurin narkewa a ruwa, ƙasa ba ta riƙe shi sosai, in ya ruɓe kuma wani sinadarin yake komawa mai suna melamin, shi ya sa na janye tulin takin daga bakin kwata da kusa da rijiya na rufe shi da leda.

Zan sake saye, amma sai lokacin damina kawai, don ƙuda yana sabawa da shi in aka matsa. Keji ɗaya kuma na ware ba na sa masa, na yaron tarwaɗa ne.