Fentin ruwa ko fentin mai: wanne ya dace da ƙaramin jirginka a Sakkwato?

Ƙanena, ka ce an kawo maka kwalin ƙaramin jirgin sama na roba da ake haɗawa, samfurin jirgin yaƙin Birtaniya Spitfire, na kamfanin Airfix mai ma'aunin 1/72, wato an rage girman na gaske sau 72, ba ka fara haɗawa ba tukuna, kuma kuɗin hannunka ba za su isa fenti iri biyu ba. Kana tambaya ko ka sa a kawo maka fentin ruwa, wato akirilik, ko kuwa fentin mai, wato inamel. Ka ƙara da cewa burushi kaɗai gare ka, kuma ɗaki ɗaya kuke kwana da ƙannenka. To ni dai ina ganin ka sayi fentin ruwa don jikin jirgin, sannan in canji ya rage ka ƙara gwangwani ɗaya ko biyu na fentin mai don ƙananan ayyuka. Amma bari in jera maka su gefe da gefe, don kada ka ɗauki maganata ba tare da ka ga dalili ba.

Da farko ka cire fentin gini daga lissafi. Wanda ake sayarwa a galan a Babbar Kasuwa, na ruwan da na man duka, an yi shi ne don bango da ƙofa. Jirginka in ya haɗu tsawonsa bai kai santimita 13 ba, faɗin fukafukansa kuma bai wuce 16 ba. Layukan da aka zana a jikinsa sirara ne ƙwarai, shafa ɗaya ta fentin gida za ta binne su. Abin da muke magana a kai shi ne ƙananan gwangwanayen Humbrol da Revell masu mililita 14 a ɓangaren mai, da kwalaben Vallejo da Tamiya a ɓangaren ruwa.

Babban abin da ya raba su shi ne bushewa, kuma a nan garinmu yake shigowa cikin maganar. Fentin mai yana son sa'a ɗaya zuwa biyu kafin a iya taɓa shi, sa'a shida kafin a ƙara wata shafa a kansa, kwana ɗaya ko fiye kafin ya yi tauri sosai. Mai sheƙi ya fi haka jinkiri. Fentin ruwa kuwa cikin mintoci yake bushewa. Waɗanda suke rubuta shawarwari a Ingila da Jamus suna magana ne daga ɗaki mai sanyi da laima, shi ya sa za ka ji sun ce jinkirin fentin mai alheri ne. Kuma ba ƙarya suka yi ba: yayin da yake jiƙe yakan kwanta da kansa, sawun burushi ya ɓace, jiki ya fito sumul. Ga mai aiki da burushi babu abin da ya kai wannan daɗi.

Sai dai ka tuna yadda ɗakinka yake daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ka share da safe, kafin azahar ka iya rubuta sunanka da yatsa a kan tebur. Fentin da zai yi sa'o'i yana danƙo a cikin hunturun Sakkwato, duk ƙurar da ke yawo sai ya kama rabonsa, kuma ƙwayar ƙura ɗaya a kan fiffiken 1/72 ido yana ganinta daga nesa. Za ka ce sai ka rufe taga. To ga inda matsalar take: fentin mai da tinarsa, wato ruwan da ake sirka shi da shi, suna fitar da tururi mai sa ciwon kai da jiri, ba a aiki da su a rufaffen ɗaki, balle ɗakin da yara za su kwana. Ka buɗe taga ƙura ta shigo, ka rufe ka shaƙi tina. Wannan tsaka-mai-wuyar ita ce ta sa na karkata ga fentin ruwa a garin nan, ba wai don ya fi kyau a asalinsa ba. Wanda yake da shago ko zauren da ba a kwana, lissafinsa daban ne.

Kada kuma ka ɗauka fentin ruwa ya zo maka da sauƙi kyauta. Tasa wahalar ita ce kishiyar waccan. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗigon da ka zuba a murfin kwalba zai yi ɓawo kafin ka gama fiffike ɗaya. Yakan bushe a bakin burushi, gashin ya sandare, ka ja shi ya bar maka gurzo-gurzo. Da yawan waɗanda suka ce akirilik ba ya musu aiki, wannan ne ya same su. Maganinsa ba shi da tsada. Ka nemi roba mai murfi irin ta abinci, ka shimfiɗa siririn soso ko tishu mai ninki a ciki, ka jiƙa shi har ya ƙoshi, ka ɗora takardar da masu gasa kek suke shimfiɗawa a tire. A kan takardar za ka riƙa ɗiga fenti. Laimar da ke tasowa daga ƙasa za ta riƙe shi jiƙe tsawon zamanka, in ka rufe murfin ma ya kai gobe. Sannan ka zaɓi lokaci. Bayan sallar asuba zuwa hantsi ya fi kowane lokaci, iska ba ta tashi ba, kwano bai ɗauki zafi ba. Ka kashe fanka yayin shafa, don ita ma tana busar da fenti tana kuma tayar da ƙura. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, duk wannan yana sauƙaƙa, har fentin man ma yakan yi daɗin aiki saboda ƙura ta kwanta.

Sai batun sirki, wanda nake ganin ya fi zaɓin iri muhimmanci. Kowanne ka saya, kada ka shafa shi yadda ya fito daga kwalba. Ka sirka shi har ya yi kamar madarar shanu, ka yi shafa uku ko huɗu sirara maimakon ɗaya mai kauri. Shafar farko za ta fito da dabbare-dabbare, roba tana leƙowa, ranka zai so ka koma ka gyara. Ka bar ta. Komawa kan fentin da ya fara kamawa shi ke ɗago shi. A nan fentin ruwa yana da riba a fili: shafa uku za ka gama su a zama ɗaya, alhali da fentin mai aikin kwana biyu ne, ga kala uku da Spitfire ke buƙata, ƙasa-ƙasa da kore a sama, wata kala a ƙarƙashinsa.

Abin sirkawar ma ya bambanta, kuma a nan ake yin ɓarna. Vallejo ruwa mai tsabta ya ishe shi, na gora ya fi. Fentin mai yana son tinar da aka yi masa, ko farin sifirit na masu fenti. Ka yi nesa da tinar masu fentin mota, irin wadda ake sirka fentin feshi da ita a gareji. Robar jirgin nan tana narkewa a cikinta, za ka ga jikin ya yi laushi ya yamutse, kuma babu gyara. Kananzir yana wanke burushi, amma in ka sirka fenti da shi maiƙonsa zai ja bushewa ta yi tsawo. Fetur kuwa kada ma ya shigo ɗakin.

Akwai abin da ya kamata ka sani game da fentin ruwan kansa, domin ba duka ne ɗaya ba. Na Tamiya, mai lambobin X ga masu sheƙi da XF ga marasa sheƙi, akwai sinadarin alkohol a cikinsa, shi ya sa yake da ɗan wari kuma yake saurin bushewa fiye da sauran. A bindigar feshi babu kamarsa, amma da burushi yana da gardama, musamman a zafinmu: shafa ta biyu takan kwashe ta farko. Masu amfani da shi da burushi sukan haɗa da tinarsa X-20A da ɗigon maganin jinkirta bushewa da kamfanin ke sayarwa. Vallejo Model Color, na ƙasar Sifen, shi aka yi don burushi, kuma kwalbarsa mai bakin ɗigo ce, ba ka buɗe fentin gaba ɗaya ga iska. Tunda burushi gare ka, shi nake nufi in na ce fentin ruwa. Kada ka haɗa shi da sifirit na kemis, yakan sa shi ya dunƙule. Amma in aiki ya ɓaci, sifirit ɗin da auduga za su goge maka shi ka sake daga farko, abin da yake da wuya ƙwarai da fentin mai in ya riga ya yi tauri.

Wajen kama jiki, fentin mai ya yi nasara ba gardama. Yana manne wa roba da kansa, kuma in ya bushe farce ba ya kankare shi da sauƙi. Vallejo a kan tsurar roba yakan ɓare, musamman in ka liƙa tef don raba kala ka zo cirewa. Don haka ka wanke sassan da ruwa da ɗan sabulun wanke-wanke tun suna jikin firam ɗin robar da suka zo a manne da shi, ka bar su su bushe, sannan ka yi shafar share fage ta firaima kafin kala. Tef ɗin kuma ka fara liƙa shi a bayan hannunka sau biyu don ƙarfin gam ɗinsa ya ragu. Kwalbar firaima ƙarin kuɗi ce, ka sa ta cikin lissafi.

Kala ba za ta ba ka wahala ba. Takardar Airfix da lambobin Humbrol take magana, domin tun 2006 kamfanin Hornby ne ya mallaki su biyun. Za ka ga 29 ƙasa-ƙasa, 30 kore mai duhu, 78 koren cikin mazaunin matuƙi, 33 baƙi, 11 ruwan azurfa. Humbrol yana yin waɗannan lambobin a fentin ruwa ma, kuma sauran kamfanoni suna da jadawalin da ke nuna kwatankwacinsu. Na ji daɗi da ba ka fara haɗawa ba, don mazaunin matuƙi ana masa fenti ne kafin a haɗe ɓarin jiki biyu. Bayan an haɗe burushi ba zai kai ba.

Samuwa kuma ita ce wani dalilin. Kayan nan sai an yi oda ko an ba matafiyi saƙo. Fentin mai da tina suna cikin kayan da ke kama wuta, don haka masu sayarwa da yawa a waje ba sa aiko su ta jirgin sama, matafiyi ma ba a barinsa ya sa su a jaka. Na Tamiya shi ma yakan faɗa cikin wannan dokar saboda alkohol ɗinsa. Mai tsantsar ruwa irin Vallejo ya fi saurin wucewa. In sun iso, ajiya ta rage gare ka: ƙasan gado ko cikin durowa, nesa da taga. Gwangwanin fentin mai sai ka goge bakinsa kafin ka danna murfi, in ba haka ba iska ta shiga ya yi fata a sama. Kuma kada ka bar kwalin jirgin a cikin mota a rana, siraran sassa suna lanƙwashewa.

To ina amfanin gwangwani ɗaya ko biyun da na ce ka ƙara? Na farko ruwan azurfa, don fentin mai ya fi ba da kamannin ƙarfe a ƙafafun saukar jirgi da wuraren da fenti ya goge. Na biyu baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, don fito da layuka. Bayan ka gama kala, sai ka shafa banish na ruwa mai sheƙi, ka manna tamburan jirgin da ake jiƙawa da ruwa a kansa, don a kan jiki mara sheƙi iska takan maƙale ƙarƙashinsu su yi fari-fari. Ka sake rufewa da banish, ka bar shi ya kwana. Daga nan ka sirka fentin man ya zama tsararo, ka taɓa bakin siririn burushi a kan layi, za ka ga ya bi layin da kansa. Bayan ɗan lokaci ka goge abin da ya fita da audugar kunne mai ɗan laimar farin sifirit. Dabarar tana aiki ne saboda farin sifirit, ba kamar na kemis ba, ba ya narkar da busasshen fentin ruwan da ke ƙasa. Da jikin duka fentin mai ne, da goge layin zai tafi da kalar. Aikin minti kaɗan ne, kana iya yinsa a tsakar gida da safe, ka kife roba a kai har ya bushe.

In kuwa kuɗin ba su kai ga gwangwanayen ba, ka bar su sai jirgi na biyu. Firaima, kaloli biyar, banish mai sheƙi da mara sheƙi, da burushi biyu masu laushi, ɗaya mai faɗi ɗaya mai tsini, sun isa su kai Spitfire ɗinka ƙarshe. Kafin ka taɓa jirgin, ka gwada sirkinka a bayan cokalin roba, in ya kwanta lafiya a can to zai kwanta a fiffike. In ka gama mazaunin matuƙi ka turo mana hotonsa kafin ka haɗe jikin, mu duba tare.