Darasin ɗaukar hoton kan titi a Garwa: ko ya cancanci kuɗinsa?

Wani shagon hoto a Garwa, a arewacin Kamaru, yana koyar da ɗaukar hotunan mutane a kan titi, wato hoton da ake ɗaukar mutum yana cikin harkarsa, bai gyara tsayuwa ba. Na halarci darasin, kuma a ganina babban amfaninsa shi ne yadda malamin yake cire wa ɗalibi fargaba, domin yawancinmu mun iya danna kyamara, amma ɗaga ta a gaban wanda ba mu sani ba yana gagarar mu.

Malamin ba ya yarda da satar hoto. Yakan kai ɗalibai gefen babbar kasuwa ko bakin kogin Binuwai inda masunta da masu wanki suke taruwa, ya sa kowa ya zaɓi wuri guda, ya gaisa da mutanen wurin da Fulatanci ko Hausa ko Faransanci, sannan ya bar kyamarar rataye a wuyansa har sai an gaji da kallonsa kowa ya koma kan cinikinsa. A lokacin ne ake fara aiki. Wanda ya ɓata rai a nuna masa hotonsa, idan ya ce a goge sai a goge ba gardama, matan aure da yara kuwa ba a ɗaukarsu sai da izini. Wannan ladabi ya fi duk wata dabara kwantar mini da hankali, tun da wanda ba ya ɓoye komai ba shi da abin da zai sa hannunsa rawa.

Bayanin kyamara gajere ne amma ya wadatar: gilashin kyamara mai milimita 35, buɗewar ƙofar shigar haske a f/8, saurin ɗauka a 1/500 na daƙiƙa, a saita nisa kan mita uku tun kafin a fita, ta yadda ba za a tsaya ana murɗe-murɗe ba har abin da ake son ɗauka ya wuce. Ya kuma ja kunnenmu game da barikin soja, filin jirgin sama, gine-ginen gwamnati da shingen jandarmomi, domin tun 2014 da rikicin Boko Haram ya tsananta a yankin Arewa Mai Nisa, jami'an tsaro ba sa wasa da mai kyamara.

Inda darasin ya gaza shi ne wajen duba aiki. Ɗalibai sun yi wa malami ɗaya yawa, saboda haka sai ya leƙa hotunan mutum a gurguje ya wuce, alhali a nan ne ake gane dalilin da ya sa hoto ɗaya ya yi kyau saura suka lalace. Masu ɗauka da waya ma ba a kula da su yadda ya kamata ba, ga shi su ne suka fi yawa.

Wanda tsoron mutane ya hana shi fita da kyamara zai ci moriyar kuɗinsa, amma ya tambayi yawan ɗaliban ajin kafin ya biya.