Koyon Sifaniyanci da aikin sa-kai a dogon hutu: wace ƙasa za a tura matashi?

Shirye-shiryen da ke ɗaukar matasa 'yan shekara 14 zuwa 18 zuwa ƙasashen da ake jin Sifaniyanci suna haɗa abu biyu a ƙunshi ɗaya, wato koyon harshe da aikin taimakon jama'a. Ba sabon abu ba ne, domin tun a 1965 ƙungiyar Amigos de las Américas ta fara kai matasan Amurka Honduras aikin rigakafin shan inna. Amma a yau masu shirya irin wannan tafiya sun yi yawa, kuma kafin uba ya zare kuɗinsa, tambayar farko da ta kamace shi ita ce awa nawa ɗansa zai yi kowace rana yana magana da mutumin da ba ya jin Turanci.

Amsar tana ga masauki. Idan aka zuba yara goma sha biyar a ɗakin kwana ɗaya da mota ɗaya, da Turanci za su yi hirarsu tun daga karin kumallo har barci, su dawo gida da gaisuwa da sunayen abinci kawai. Wanda kuwa aka sauke shi kaɗai a gidan iyali, sai ya nemi sabulu da bakinsa, sai ya gaya wa uwar gida cewa miyar ta yi masa gishiri, kuma a irin wannan matsi ne harshe yake kamawa. Saboda haka a tambaya ko ɗalibi nawa ake saukewa a gida ɗaya, kuma wa ya binciki gidan kafin a kai yaro.

Sifaniya ce ta fi sauƙin sha'ani ga wanda zai yi tafiyarsa ta farko. Salamanka, wadda jami'arta ta kafu tun 1218, gari ne na ɗalibai da ake zagayawa da ƙafa, kuma makarantun harshe sun cika shi. Ana iya tantance makaranta ta hanyar duba ko cibiyar Instituto Cervantes, wadda gwamnatin Sifaniya ta kafa a 1991, ta amince da ita. Cibiyar ce kuma ke shirya jarrabawar DELE ta auna ƙwarewa a Sifaniyanci, har da nau'inta na 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17, don haka yaro zai iya samun takardar shaida da ake girmamawa. Raunin Sifaniya shi ne tsada, sannan aikin sa-kai a yawancin shirye-shiryenta ɗan kaɗan ne, karatu da yawon buɗe ido sun fi yawa. Garuruwan kudu kamar Sabiya suna iya haura digiri 40 a watan Yuli.

Gwatamala ta bambanta ta wata fuska mai muhimmanci, domin makarantun Antigwa da na Ketsaltenango, wanda mutanen wurin ke kira Shela, sun shahara da koyar da ɗalibi ɗaya a gaban malami ɗaya, awa huɗu ko biyar da safe, sannan a fita aiki da yamma. A irin wannan zama ba inda yaro zai ɓuya a bayan aji. Kuɗin karatu da na masauki bai kai na Turai ba, sai dai ga mai tashi daga Kano ko Abuja kuɗin jirgi yana iya cinye rarar. Antigwa ta cika da baƙi masu jin Turanci, shi ya sa nake ganin Shela ta fi dacewa da matashi ɗan shekara 17 da ya riga ya fara harshen.

Kosta Rika, wadda ta rushe rundunar sojinta a 1948, ta fi jan hankalin iyaye masu neman kwanciyar hankali, kuma aikin da ake yi a can yakan shafi muhalli, kamar tsaron ƙwan kunkurun teku a Tortugero daga Yuli zuwa Oktoba. Kusko ta Peru tana kan tudu na kusan mita 3,400, kuma ƙarancin iska yana kwantar da baƙo da ciwon kai a kwanakin farko, don haka yaro mai asma ko sikila ba a tura shi sai da izinin likita.

Batun aikin sa-kai ne ya fi damuna, saboda a nan ake yawan ruɗin iyaye da hotuna. Matashin da bai taɓa riƙe cebur ba ba zai fi magini ɗan gari iya ɗora bulo ba, kuma idan zuwansa ya hana maginin samun aiki, to an cuci wanda aka ce za a taimaka. Aikin kirki shi ne wanda mutanen gari suka fara da kansu kuma zai ci gaba bayan baƙi sun tafi, kamar dashen itatuwa ko taimaka wa malami a aji. Shirin da ke tallata ziyarar gidan marayu kuwa, shawarata ita ce a guje shi. UNICEF ta daɗe tana gargaɗi cewa yawancin yaran irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, kuma a 2018 Ostareliya ta sanya safarar yara zuwa gidajen marayu cikin nau'o'in bautar zamani.

Iyali Musulmi suna da ƙarin tambayoyi. Naman alade ya ratsa girkin Sifaniya, a Gwatamala kuma ana iya soya wake da kitsensa, wanda suke kira manteca, ba tare da an ga alama a kwano ba. A rubuta wa masu shirin wannan tun kafin biya, a nemi amsa a rubuce, tare da batun wurin salla da kuma sauke 'ya mace a gidan da ya dace da ita. Ta wannan fuska Giranada ta Sifaniya ta fi sauran, domin akwai babban masallaci a unguwar Albaisin tun 2003, ga mahauta da gidajen abinci na halal.

Takardu ma suna iya yanke hukunci. Mai fasfon Najeriya ko Gana yana bukatar bizar Shengen, wato bizar haɗin gwiwa ta yawancin ƙasashen Turai, domin shiga Sifaniya, tare da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000 da takardar amincewar iyaye, kuma ko ya da zango ne kawai zai yi a filin jirgin Madrid a hanyarsa ta Latin Amurka, akan nemi bizar wucewa. Kosta Rika tana neman katin rigakafin ciwon shawara daga masu zuwa daga Najeriya. Ana karɓar takardun bizar Shengen tun wata shida kafin tafiya, don haka wanda zai tashi a ƙarshen Yuli ya fara nema tun Fabrairu, kuma kada a biya kuɗin shiri gaba ɗaya sai an ga a rubuce nawa za a mayar idan aka hana biza.