Shida da sifili shida ne, me ya sa shida sau sifili ya zama sifili?

Malama, kin tambaya a kan ɗanki ɗan aji uku da ya rubuta 6 × 0 = 6, aka ce ya faɗi, shi kuma ya kafe cewa tunda ba a yi wa shidan komai ba, ai tana nan yadda take. Yaron nan ya yi tunani, kada ki yi masa faɗa. Dokar tarawa ce ya ɗauko ya kai wa ninkawa, kuma mafita ita ce ki jera masa su biyun ya ga inda suka rabu.

A tarawa, lambobin biyu abu iri ɗaya suke ƙirgawa. Ƙosai shida a faranti, aka ƙara ƙosai sifili, wato ba a ƙara ko ɗaya ba, shida na nan. Wannan kam yaron ya riga ya iya.

A ninkawa kuwa kowace lamba da aikinta. Ɗaya tana faɗin yawan farantai, ɗayar tana faɗin ƙosai nawa ke cikin kowane faranti. Faranti uku, ƙosai huɗu-huɗu, sha biyu ke nan. To ki ɗauko faranti shida na gaske ki jera a tabarma babu komai a cikinsu, ki tambaye shi ƙosai nawa zai ci. Zai ce babu. Shidan da yake ta karewa tana nan, ga ta a gabansa, amma farantai take ƙirgawa, tambayar kuma ƙosai ake yi. Sai ki juya masa ita, 0 × 6: kowane faranti zai ɗauki ƙosai shida, amma ba a kawo faranti ko ɗaya ba. Nan ma babu abin ci.

Akwai lambar da ke barin shida yadda take a ninkawa, amma 1 ce. Faranti ɗaya mai ƙosai shida, shida. Aikin da 0 ke yi a tarawa, 1 ke yin sa a ninkawa. Na fi son a faɗa wa yaro wannan ƙarara, domin abin da yake nema ke nan tun farko, wurin da ya neme shi ne ba daidai ba.

Idan ya fi jin lambobi, ku sauko tare a rubuce: 6 × 3 = 18, 6 × 2 = 12, 6 × 1 = 6. Kowane mataki shida ake ragewa. Ki bar shi ya cike na gaba da kansa.

Ban goyi bayan a tsaya a kan haddar "komai sau sifili sifili ne" kawai ba. Maganar gaskiya ce, sai dai yaron da ya haddace ta bai gane ba yakan zame idan sifilin ya ɓuya a tsakiyar lamba. Ki ba shi 102 × 4. In har yanzu zuciyarsa na ce masa 0 × 4 huɗu ne, zai rubuta 448 maimakon 408, an samu kuskuren arba'in cif, kuma malami zai ɗauka gaggawa ce ta jawo.

Wata rana zai zo miki da 6 ÷ 0, ki shirya, don amsar ba sifili ba ce. Rabawa tambaya ce ta koma-baya: wace lamba ce in an ninka ta da 0 za ta ba da 6? Mun riga mun ga duk abin da aka ninka da 0 sifili yake bayarwa, saboda haka babu irin wannan lambar, tambayar ba ta da amsa. Wurin nan ya wahalar da manya ma. Brahmagupta, masanin lissafi na ƙasar Indiya, ya rubuta dokokin sifili a shekarar 628, ya faɗi daidai cewa lamba sau sifili sifili ce, amma da ya zo rabawa sai ya ce 0 ÷ 0 sifili ne, hukuncin da masana lissafi na yau ba su karɓa ba. Ɗan aji uku bai kai nan ba tukuna, ki bari sai ya tambaya da bakinsa.